Wa Ya Naɗa Mu Likitocin Stanley Kubrick?

Maganar yau tana da ɗan ɗaci, don haka a yi mana haƙuri tun daga farko.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi a tsakanin masu sharhin fina-finai na ƙasashen Turawa, wadda iskar intanet take kaɗowa har cikin wayoyinmu. A ɗauko shahararren mutum, a jero halayensa da aka ji ana faɗa, sannan a buga tebur a ce lalle yana da larurar otizim. A cikin daraktocin fim, wanda aka fi yi wa wannan aika-aika shi ne Stanley Kubrick, Ba'amurken da ya shirya 2001: A Space Odyssey a 1968, da The Shining a 1980, da Full Metal Jacket a 1987. Mutumin nan ya rasu tun ranar 7 ga Maris, 1999, amma har gobe ana kwantar da shi a gadon asibiti ana dubawa, kuma akasarin masu dubawar ko ƙofar makarantar likitanci ba su taɓa leƙawa ba. Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Tsegumi ne da ya ari farar rigar likita ya saka, kuma duk marubucin da yake son alƙalaminsa ya yi daraja, to ya nisance shi.

Kafin mu yi nisa, bari mu san abin da ake magana a kai. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sukan kira wannan larura da "galahanga", kalmar da a bakin mutanen gari ta daɗe tana ɗauke da ma'anar wanda ake ganin hankalinsa bai cika ba. Mu a nan za mu ce otizim, domin waccan kalmar tana cusa mutane iri-iri a buhu guda ta ɗaure bakin. Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga ƙuruciya. Yana shafar yadda mutum yake mu'amala da sadarwa da jama'a, yana zuwa da son maimaita abu da riƙe tsari guda, kuma sau da yawa ƙara ko haske ko taɓi sukan dami mai shi fiye da yadda suke damun sauran mutane. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi a 1943 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, bayan ya yi nazarin yara 11. A 1944 kuma Hans Asperger na ƙasar Ostiriya ya rubuta a kan wasu yara masu kama da haka amma masu iya magana sosai. Sunan "Asperger" bai bazu ba sai bayan rubutun Lorna Wing ta Ingila a 1981, bai kuma shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai 1994. A 2013 aka cire shi a matsayin suna mai zaman kansa, aka haɗe shi da otizim, aka ce abu ne guda mai matakai daban-daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi.

To yaya ake tabbatar da shi? Babu gwajin jini, babu hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna shi kai tsaye. Ƙwararre ne yake zama da mutum, ya lura da shi, ya yi masa tambayoyi, ya nemi iyaye ko waɗanda suka raine shi su ba da tarihinsa tun yana goye: yaushe ya fara magana, yana amsa sunansa, yana wasa da yara, me yake tayar masa da hankali. Sannan a duba ko waɗannan abubuwa suna kawo masa cikas a rayuwar yau da kullum, a kuma tabbatar ba wani abin daban ne yake kama da shi ba. Aiki ne na sa'o'i, wani lokaci na zuwa da dawowa. Ku riƙe wannan a zuciya, sannan mu duba hujjojin masu auna Kubrick daga nesa.

Hujjarsu ta farko, wai yana maimaita ɗaukar fitowa guda sau da dama har jarumai su galabaita. Gaskiya ne yana yi. Fim ɗinsa na ƙarshe, Eyes Wide Shut, ya shiga kundin Guinness saboda an shafe kwana 400 ana ɗaukarsa. Amma idan maimaita ɗauka ita ce alamar larura, to sai mu buɗe sabon ɗaki a asibitin. Charlie Chaplin ya ɗauki fitowar mai sayar da furanni a City Lights na 1931 har sau 342. David Fincher ya ɗauki fitowar farko ta The Social Network sau 99. A Indiya, K. Asif ya kwashe fiye da shekara goma yana fama da Mughal-e-Azam kafin ya fito a 1960. Shi kansa Kubrick ya yi bayani a hira cewa yawan maimaitawar yakan faru ne idan jarumi ya zo wurin aiki bai haddace maganganunsa ba. Ƙari a kan haka, yakan yi aiki da ma'aikata kaɗan, kuma kamfanin Warner Bros ya sakar masa mara, saboda haka kwanakin da za su talauta wani darakta shi bai cika jin nauyinsu ba. Ga dalili na sana'a, ga dalili na kuɗi, ga kuma bayani daga bakin mai abin. Sai mu tsallake duk waɗannan mu tafi neman dalili a cikin ƙoƙon kansa?

Hujja ta biyu, wai yana da naci a kan ƙananan abubuwa. Sukan kawo misalin fim ɗin Napoleon da ya yi niyya bai samu yi ba, inda ya tara dubban katuna masu ɗauke da bayanin inda sarkin yaƙin Faransa da mutanensa suke da abin da suka yi rana bayan rana. Sukan kawo akwatunan takardu da hotuna da ya bari, waɗanda iyalinsa suka miƙa wa wata jami'ar fasaha a Landan a 2007. Sukan kawo Barry Lyndon na 1975, inda ya nemo gilashin kyamara na kamfanin Zeiss da aka ƙera don hukumar sararin samaniya ta Amurka, domin kawai ya ɗauki hoto da hasken kyandir. Mu kuwa da muka ga wannan, abin da muka gani shi ne mutumin da ya fara sayar wa mujallar Look hoto yana ɗan shekara 16, ya yi shekaru yana ɗaukar hoto kafin ya taɓa fim, ya san haske kamar yadda maƙeri ya san wuta. Wancan aikin kyandir ɗin shi ya kai fim ɗin ga lashe kyautar Oska ta ɗaukar hoto. A garinmu, idan madinki ya warware aska takwas sau uku saboda zare ɗaya ya karkace, cewa muke yi gwani ne. Don me gwanintar wani za ta zama alamar ciwo?

Hujja ta uku, wai ba ya shiga mutane, ya ƙulle kansa a gidansa na Childwickbury a Ingila, ba ya son hira da 'yan jarida, ba ya son hawa jirgin sama. Nan ma akwai tarihin da ake ɓoyewa. Bayan fitowar A Clockwork Orange a 1971, jaridun Ingila sun yi ta danganta fim ɗin da wasu laifuffuka na matasa, iyalinsa suka riƙa samun barazana, har shi da kansa ya sa aka janye fim ɗin daga sinimomin ƙasar, bai sake fitowa a can ba sai bayan rasuwarsa. Wane magidanci ne za a yi wa matarsa da 'ya'yansa barazana, ya ci gaba da barin ƙofa a buɗe? Kuma waɗanda suka yi aiki da shi labarinsu daban ne. Michael Herr, wanda suka rubuta Full Metal Jacket tare, ya fitar da littafi a kansa a 2000, ya siffanta shi da mutum mai barkwanci wanda zai kira ka a waya ya riƙe ka sa'o'i ana hira. Ya zauna da matarsa Christiane fiye da shekara arba'in, gidansu cike da yara da karnuka da kyanwoyi da ma'aikata. Ashe dai 'yan jarida ne bai cika buɗe wa ƙofa ba, su kuma suka rubuta cewa duniya ce ya rufe wa.

Akwai wani labari da ya kamata kowane mai auna mutane daga nesa ya ji. A farkon shekarun 1990, wani ɗan damfara mai suna Alan Conway ya riƙa yawo a Landan yana cewa shi ne Stanley Kubrick. Bai yi kama da shi ba ko kaɗan, bai ma san fina-finansa sosai ba, amma ya ci abinci kyauta, ya yi alkawuran ƙarya, ya yaudari mutane masu ilimi har da ɗan jarida. Abin ya yi tsamari har an yi fim a kansa a 2005. Ku duba fa: mutanen da ba su iya gane fuskar Kubrick a teburin cin abinci ba, su ne jikokinsu a sana'a suke cewa sun gane abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. To a nan ko fuskar ma ba a sani ba.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi shafarmu a matsayinmu na marubuta. Wai fina-finansa suna da sanyi, babu tausayi a ciki, har kwamfutar da ke cikin 2001 ta fi mutanen fim ɗin nuna motsin rai, saboda haka wanda ya yi su ma haka zuciyarsa take. Wannan ita ce tsohuwar cutar haɗa marubuci da abin da ya rubuta. Mu ne ya kamata mu fi kowa ƙinta, domin mun san abin da ta yi wa magabatanmu. Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, marubuta nawa ne, musamman mata, aka auna tarbiyyarsu da halin taurarin littattafansu? Wadda ta rubuta kishiya mai zuwa wurin boka aka ce ta san hanya, wanda ya rubuta ɗan daba aka ce tsohon ɗan hannu ne. Idan mun ƙi a yi mana, da wane baki za mu yi wa wani? Sanyin da ke cikin 2001 zaɓi ne na mai sana'a, yana son ya nuna ɗan Adam ya ƙanƙance a gaban na'urar da ya ƙera. Wanda yake shakka ya nemi ƙarshen Paths of Glory na 1957, inda wata yarinya Bajamushiya da aka kama take waƙa cikin tsoro a gaban sojojin Faransa masu ihu, sannu a hankali ihun ya mutu, sojojin suka fara hawaye. Hannun da ya yi wancan sanyin shi ya yi wannan. Yarinyar kuwa ita ce Christiane da ya aura.

Yanzu bari mu yi wa abokan jayayyarmu adalci, mu kawo mafi ƙarfin abin da suke da shi.

Za su ce ai ba 'yan tasha kaɗai ne suka faɗa ba. Farfesa Michael Fitzgerald, likitan ƙwaƙwalwa a ƙasar Ayalan, shi da Viktoria Lyons sun saka Kubrick a wani littafinsu na 2005 cikin mutanen da suke ganin suna da larurar Asperger. Haka ne. Amma farfesan bai taɓa zama da Kubrick ba. Littattafan tarihin rayuwa ya karanta, irin waɗanda ni da kai za mu iya karantawa, kuma ya yi wa shahararrun matattu da dama irin wannan hukunci. Takardar shaidar likita ba ta mayar da labarin kanzon kurege ya zama gwajin asibiti. Su kansu likitocin sun taɓa ƙonewa da wannan wuta. A 1964, wata mujalla mai suna Fact a Amurka ta aika wa likitocin ƙwaƙwalwa 12,356 tambaya, ko Barry Goldwater mai neman shugabancin ƙasa yana da lafiyar hankalin da zai yi mulki. Likitoci 1,189 suka amsa cewa ba shi da ita, alhali babu ɗayansu da ya duba shi. Goldwater ya kai ƙara, kotu ta ci mujallar da masu ita tarar dala 75,000. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta kafa ƙa'ida cewa bai halatta ɗanta ya furta ra'ayin sana'a a kan wani sananne ba sai ya duba shi kuma an ba shi izinin magana. Idan masu abin sun ɗaure hannunsu da kansu, mu 'yan kallo wa ya kwance namu?

Za su ce to ai yana iya zama gaskiya, domin an haifi Kubrick a 1928, zamanin da ba a san sunan larurar ba, kuma akwai mutanen zamaninsa da yawa da suka rayu da ita ba a gano ba. Wannan ma ba mu musa ba. A lura da kyau, ba mu zo nan don mu rantse cewa Kubrick ba shi da otizim ba, domin da mun yi haka mun zama irinsu, likitocin nesa masu sallamar marar lafiya maimakon masu kwantar da shi. Abin da muke cewa shi ne, shi bai faɗa ba, iyalinsa ba su fito da takardar asibiti ba, mahaifiyar da za a tambaya yadda ya yi ƙuruciya ta daɗe a ƙasa, ƙofar sani ta rufe. Abin da ya rage zato ne, kuma mun taso muna jin cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Kuma zaton nan yakan faɗi ƙasa warwas idan mai abin yana raye ya buɗe baki. An yi shekaru ana yaɗa sunan Steven Spielberg a jerin shahararrun da aka ce suna da Asperger. Sai a 2012 ya fito ya bayyana abin da likitoci suka gano masa yana kusan shekara 60: disleksiya ce, matsalar da take sa karatu da haɗa baƙi su yi wa mutum wuya, wadda ta sa ya makara wajen iya karatu yana yaro. Abu ne daban gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bambancin kawai shi ne Spielberg yana da bakin gyara magana, Kubrick kuwa ba shi da shi, kuma rashin bakin nan ne ya sa aka fi jin daɗin cin namansa.

Za su ce ai ba zagi ba ne, yabo ne, kuma yana ƙarfafa gwiwar iyayen yara masu larurar su ga cewa gwarzo kamar Kubrick ma nasu ne. Wannan ita ce hujjar da ta fi kama da alheri, ita ce kuma ta fi yin ɓarna. Tun daga fim ɗin Rain Man na 1988 aka dasa wa duniya cewa mai otizim wani ɓoyayyen haziƙi ne mai lissafi kamar kwamfuta. Abin mamaki, Kim Peek, mutumin da aka gina labarin a kansa, daga baya likitoci sun karkata ga cewa larurarsa wata ce daban. Haƙiƙanin lamarin shi ne masu otizim mataki-mataki ne. Akwai mai aure da aiki da 'ya'ya, akwai wanda har girmansa ba ya magana, akwai mai fama da farfaɗiya a kai, akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi iya rayuwarsa. Ku yi tunanin uwar da ɗanta yake da shekara takwas bai taɓa ce mata "Umma" ba, makarantu sun mayar mata da shi, dangin miji suna cewa aljanu ne ko kuma bakin uwa, an kai shi wurin masu turare an dawo. Sai mu zo mata da albishir wai ta kwantar da hankalinta, ai babban darakta ma haka yake. Idan ɗanta bai zama darakta ba fa? Mun koya mata, mun koya wa unguwa, cewa darajar yaron tana rataye da wata baiwa da ake jira ta fito. Yaron nan yana da daraja ko bai taɓa ƙirƙirar komai ba, kuma abin da yake buƙata shi ne likitan yara, da mai koyar da magana, da malamin da ya san yadda zai bi da shi, da maƙwabtan da ba za su hana 'ya'yansu wasa da shi ba.

Akwai kuma ɓarna ta biyu a cikin wannan "yabo". Kowa ya san Shelley Duvall ta sha wuya a wurin ɗaukar The Shining. Ita ta faɗa, kuma ɗan fim ɗin bayan fage da 'yar Kubrick ɗin, Vivian, ta ɗauka ya nuna yadda yake mata magana da kaushi. Da zarar an ce ai otizim ne, an yi abu biyu a lokaci guda. An wanke mai iko daga tambayar da ya kamata a yi masa, wato shin daidai ne darakta ya matsa wa jaruma haka don fim ya yi kyau? Sannan an shafa wa miliyoyin bayin Allah baƙin fenti, an ce rashin tausayi halinsu ne, alhali a rayuwa ta zahiri su ne aka fi tsangwama da cin zali. Lakabi guda ya kashe muhawara mai amfani, ya kuma haifi ƙarya mai cutarwa.

Kada a fahimce mu da cewa a daina maganar otizim, ko kuma abin kunya ne da za a rufe. Ina! Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka, ta rubuta littattafai a kan yadda take ganin duniya. Jarumi Anthony Hopkins ya faɗa da bakinsa cewa an gano masa larurar bayan ya manyanta. Greta Thunberg ta Suwidin ta faɗi nata tun tana yarinya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kanta. Duk wannan alheri ne, domin masu abin ne suka yi magana. Sirrin lafiyar mutum kayansa ne. Idan ya ba da, kyauta ce. Idan aka ɗauka bai ba da ba, kowa ya san sunan wannan.

To me ya kawo wannan dogon zance zauren masu koyon rubutu? Dalilin shi ne ɗabi'ar ba ta tsaya a Kubrick ba, kuma ba sai da kalmar Turawa ake yin ta ba. Mu ma muna da namu lakabobin na gaggawa. Jarumi ya yi shiru kwana biyu, an ce damuwa ce ta kama shi. Mawaƙi ya yi wata magana a bidiyo, an ce ƙwaya ce. Marubuciya ba ta zuwa taro, an ce tana da mutanen ɓoye. Yanzu kuma da muka fara jin sababbin kalmomi a intanet, sai mu ɗauko su mu riƙa liƙa wa mutane kamar hoton 'yan takara a bangon makaranta. Magana kuwa zarar bunu ce, balle rubutacciya da ake turawa daga waya zuwa waya.

Bayan haƙƙin mutane, akwai asarar da marubucin kansa yake yi. Lakabi gajeriyar hanya ce, kuma gajeriyar hanya ita take kashe ido. Aikinmu shi ne kallo. Wanda ya rubuta "Kubrick yana da otizim" ya gama magana a kalma huɗu, bai koya mana komai ba, shi ma bai koyi komai ba. Wanda kuwa ya zauna ya nuna mana dattijo mai gemu a cikin gida cike da akwatuna, yana kiran abokinsa a waya ana hira har dare ya raba, yana sa a auna faɗin tallan fim ɗinsa a jarida, yana tsoron jirgin sama alhali ya taɓa koyon tuƙa shi, wannan ya ba mu mutum, ya bar mu mu yi ta juya shi a zuciya. Haka abin yake a ƙagaggen labari. Tauraron da aka gina da jerin alamomin cuta ba ya numfashi. Mai karatu yana jin warin takardar asibiti daga shafin farko.

Idan kuwa ɗayanmu yana son ya rubuta labarin mai otizim, muna maraba, domin adabinmu yana da ƙishin irin wannan. Da yawanmu mun kalli My Name Is Khan na 2010, mun ga yadda Shah Rukh Khan ya fito a matsayin mai larurar Asperger, mun ga Priyanka Chopra a Barfi! na 2012. Amma kada a kwafo daga fim, domin kwafin kwafi ne. A je a nemi izinin iyaye a zauna da su, a ji yadda daren gidansu yake wucewa, da yadda ake fama a ranar biki idan an kunna lasifika. A nemi likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, a yi musu tambaya. Wanda yake iya magana a cikin masu larurar, a saurare shi kafin kowa. Sannan a sauya suna da unguwa da duk abin da zai sa a gane gidan. Wannan hanya tana da tsawo, tana cin kuɗin mota da lokaci, amma ita ce take haifar da littafin da uwa za ta karanta ta ce wannan ya san halin da nake ciki.

Ga ma'auni mai sauƙi da muke ba kanmu da ku shawarar riƙewa kafin a danganta wata larura da wani mai suna, rayayye ko matacce. Shin shi ya faɗa, ko iyalinsa da yawunsa? In ba haka ba, a rubuta abin da ya yi da abin da ya ce, a soki aikinsa son rai, a yaba inda ya cancanta, a tuhumi halinsa ga mutane idan akwai shaida, amma a bar masa ƙwaƙwalwarsa. Kubrick ya bar fina-finai 13 masu tsawo. A cikinsu akwai darasin haske, da darasin tsara fitowa, da darasin yadda ake daidaita littafi ya koma fim, wanda zai ishe mu shekara muna tattaunawa a wannan zaure. Wanda ya bar wannan taska ya tafi leƙen fayil ɗin asibitin da babu shi, ya yi asarar tafiya.

Muna sane akwai waɗanda ba za su yarda da mu ba a cikinku, kuma fili a buɗe yake. Sharaɗi ɗaya ne: wanda zai kare likitancin nesa, ya fara gaya mana ko zai amince ranar da littafinsa ya yi suna, wani da bai taɓa gaisawa da shi ba ya karanta babi uku ya sanar da duniya ciwon da ke kansa.

Allah Ya tsare mana alƙalumanmu daga haƙƙin mutane, Ya ba iyaye masu ɗawainiya da irin waɗannan yara juriya da mataimaka. Sai mako mai zuwa idan rai ya kai.